Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Shari'a Na Japan Kan Sabuwar Dokar Bizar 'Yan Kasuwa

Mai girma Ministan Shari'a na ƙasar Japan, da shugabannin Hukumar Kula da Shige da Fice wadda mu nan muka fi sani da Nyukan, ina gaisuwa irin ta girmamawa, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Ni baƙo ne a ƙasarku. Daga Kano na zo karatu, na yi digiri na biyu a fannin tattalin arziki a wata jami'a a nan, da na gama sai na zauna na buɗe ɗan ƙaramin kamfani a lardin Ibaraki, ina sayen injinan mota da sauran kayan gyara na hannu ina loda su a kwantena ina turawa gida. Wasiƙar nan ba da bakina kaɗai nake rubuta ta ba, da bakin 'yan uwana ne 'yan Najeriya da Nijar da Ghana da muke wannan sana'a a Ibaraki da Chiba da Saitama, da wasu masu ɗan gidan abinci ko shagon kayan halal. Mun zauna bayan sallar Juma'a mun daɗe muna tattaunawa, daga ƙarshe suka ce tunda ni na yi karatun abin to ni zan rubuta. Na fara rubuta ta da Hausa ne don waɗanda abin ya shafa su karanta su ce eh haka muka ce, sannan a mayar da ita Japananci a kawo muku.

Kafin koke dole in fara da godiya, don wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Mun zauna lafiya a ƙasar nan, 'ya'yanmu suna tafiya makaranta a ƙafa su kaɗai su dawo ba ma fargaba, in an yi ciniki da mutum ya ce gobe to goben ce. Ba mu zo da faɗa ba, kuma mun san ƙasa taku ce, ku ke da ikon cewa wa zai shigo wa ba zai shigo ba.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne sauyin da aka yi wa bizar masu gudanar da kasuwanci, wato keiei kanri, wanda ya fara aiki ranar 16 ga Oktoban 2025. A da jarin yen miliyan 5 ake nema, yanzu an mayar da shi yen miliyan 30, ninki shida kenan a tashi ɗaya, kusan dala dubu 200. Bayan kuɗin kuma dole ka ɗauki aƙalla ma'aikaci ɗaya na cikakken lokaci, kuma ba kowane ma'aikaci ba, sai ɗan Japan ko mai takardar zama ta dindindin ko mijin ko matar ɗan ƙasa da makamantansu. Sannan kai ko ma'aikacinka wani ya iya Japananci har matakin N2, mataki na biyu daga sama a jarrabawar iya Japananci, sannan ka nuna shekara 3 ta gogewa a shugabancin kamfani ko digiri na biyu, sannan ƙwararre mai lasisi kamar akanta ya duba tsarin kasuwancinka ya amince, kuma gidan da kake kwana ba za a ƙara karɓarsa a matsayin ofis ba. Mu da muke riƙe da bizar tun da, an ba mu shekara 3, zuwa 16 ga Oktoban 2028, mu cika sharuɗɗan.

Mun san dalilin da kuka bayar kuma ba za mu ce ƙarya ba ne. Akwai masu buɗe kamfanin takarda, ba kaya ba ciniki ba ma'aikaci, sai dai suna a jikin akwatin wasiƙa, don kawai su samu zama su shiga inshorar lafiya, akwai kuma dillalan da suke sayar musu da wannan hanya. Mu ma abin yana mana ciwo, wallahi ya fi yi mana ciwo fiye da kowa, don wake ɗaya ke ɓata gari, idan aka kama ɗaya daga cikinsu duk mai baƙar fata ko baƙon suna sai an kalle shi da wannan idon a banki da wajen mai gidan haya. Amma ranka ya daɗe mai kamfanin bogi ba talaka ba ne, wanda ya iya biyan dillali ya ƙago masa kamfani zai iya nemo miliyan 30 ya ajiye a asusu na ɗan lokaci, wanda ba zai iya ba shi ne mu, masu datti a hannu, da kuɗinmu ke cikin kaya ba cikin banki ba.

Koke na farko kenan, adadin kuɗin. Kuma a nan ba da ra'ayina zan yi magana ba, da binciken ƙasarku zan yi. Bankin gwamnati da ke ba ƙananan 'yan kasuwa rance, Nihon Seisaku Kinyu Koko, yana binciken sababbin masu buɗe sana'a duk shekara tun 1991, kuma a 'yan shekarun nan abin da yake fitowa shi ne idan aka jera su daga mai ƙaramin jari zuwa mai babba, wanda ya faɗo a tsakiya bai wuce yen miliyan 6 ba. Wato ɗan Japan, a ƙasarsa, da yarensa, da danginsa da za su tsaya masa, da kusan miliyan biyar ko shida yake farawa, shi kuma baƙon da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan an ce sai ya kawo talatin. Kuma ƙasar nan da kanta ta taɓa gwada sa ƙa'idar jari ta ga ba ta da amfani, a da sai da yen miliyan 10 ake buɗe kabushiki gaisha, wato kamfani mai hannun jari, miliyan 3 kuma na yugen gaisha, wato ƙaramin kamfani, dokar kamfanoni da ta fara aiki a 2006 ta soke wannan gaba ɗaya har ya zama da yen 1 ma ana iya rijistar kamfani, saboda an gane ƙa'idar tana hana mutane farawa. To abin da kuka cire wa kanku shekaru ashirin da suka wuce don yana kashe sana'a, shi ne yanzu aka ninka sau uku aka ɗora mana.

Kuma fa ba wai masu buɗe sana'a sun yi wa Japan yawa ba ne. Lokacin da nake rubutun kammala digirina wannan ne abin da malamina ya fi nanata mini. Tun 2002 masana biyu, Genda Yuji da Kambayashi Ryo, suka fitar da bincike kan yadda masu sana'ar kansu ke raguwa a ƙasar nan, suka nuna magidanta sun fara gudun tsayawa da ƙafarsu saboda abin da sana'ar ke kawowa ya ja baya idan aka gwada da albashi. Adadin sababbin kamfanoni a shekara ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, alhali Amurka da Ingila suna wajen kashi 10, shi ya sa gwamnatin marigayi Abe Shinzo ta sa burin kai wa kashi 10 a 2013, kuma har yau ba a kai ba. A Nuwamban 2022 gwamnatin Kishida ta sake fito da shirin shekara biyar na samar da sababbin kamfanoni dubu 100 da zuba jarin yen tiriliyan 10. Ma'aikata ɗaya tana kiran mutane su zo su buɗe, wata ma'aikatar tana rufe ƙofa, mu da muke tsakiya mun rasa wadda za mu saurara.

Bari in ɗan bayyana yadda kuɗi ke tafiya a sana'armu don na lura ana auna mu da ma'aunin da ba namu ba. Motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, Ghana a 1974, saboda haka mu ba mota sukutum muke turawa ba kamar masu kai wa Kenya da Tanzaniya, mu inji muke cirewa da ƙafafu da fitilu da ƙofofi. Ka sayi motar da mai ita ya gaji da biyan kuɗin shaken, wato binciken lafiyar mota da doka ta wajabta, ka kai wa mai lasisin farfasawa, ka tara kaya har kwantena ta cika, ta tashi daga Yokohama ta yi makonni a teku, ta sauka Legas ko Kwatano, a fitar da ita, kaya su isa kasuwar Ladipo a Legas ko Ƙofar Ruwa a Kano, a sayar, sannan kuɗi ya dawo, shi ma ya dawo ta cikin canjin naira da kullum yake cin wani abu. Kuɗin da yake juyawa a hannun mutum a shekara zai iya ninka jarin da aka rubuta a takardar kamfaninsa sau da yawa, amma a kowace rana in ka duba, rabinsa yana kan teku rabi yana hannun abokan ciniki. Mutum yana da lasisin kobutsusho na cinikin kayan hannu daga 'yan sanda, yana biyan harajin kamfani, yana biyan fansho da inshora, yana biyan hayar fili, yana ba direban tirela ɗan Japan aiki, amma duk wannan ba shi ne ake tambaya ba, lamba ɗaya ake tambaya a takardar rijista.

Koke na biyu shi ne ya fi ci mini rai, maganar magada. Ranka ya daɗe ƙananan da matsakaitan kamfanoni su ne kashi 99.7 na kamfanonin ƙasar nan, kuma su ke ɗauke da kusan kashi 70 na ma'aikata. A 2017 ma'aikatar tattalin arziki da kasuwanci ta yi hasashen cewa zuwa 2025 masu irin waɗannan kamfanoni miliyan 2.45 za su haura shekara 70, kuma miliyan 1.27 daga cikinsu ba su da wanda zai gaje su, ta ce in ba a yi wani abu ba ana iya asarar ayyuka miliyan 6.5 da yen tiriliyan 22 na arzikin ƙasa. Kamfanin bincike na Teikoku Databank yana fitar da alƙaluma duk shekara, matsakaicin shekarun shugabannin kamfanoni ya haura 60, kuma wajen rabin kamfanonin da yake bincika ba su tsayar da magaji ba. Dubban kamfanoni ke rufewa duk shekara ba don sun karye ba, da yawansu suna cin riba har ranar da aka sa kwaɗo, kawai mai shi ya tsufa ne babu mai karɓa. Shekarar da aka yi hasashen matsalar za ta kai intaha, 2025, ita ce shekarar da aka fito da wannan doka.

Wannan ba a takarda kaɗai na gani ba. Akwai wani dattijo a kusa da mu, mai garejin gyaran mota, shekarunsa sun haura saba'in, duk shacho muke ce masa, wato shugaban kamfani. Garejin mahaifinsa ne ya gada, tsohon yugen gaisha ne mai jarin miliyan 3, ma'aikatansa 'yan Japan uku ne kuma duk sun manyanta, 'ya'yansa biyu suna Tokyo suna aikin ofis sun gaya masa tun tuni ba za su dawo ba. Manoman unguwar duk wajensa suke kawo ƙananan motocinsu na ɗaukar kaya, in ya rufe sai sun yi tafiya mai nisa kafin su samu wani. A garejin akwai wani ƙanenmu da ya zo ya yi makarantar koyon Japananci, ya shiga makarantar kanikanci ya ci jarrabawar ƙasa ya samu lasisi, shekarunsa da yawa a wajen, shi ke buɗewa da safe shi ke rufewa, tsofaffin unguwar suna kawo masa kabeji da shinkafa daga gonarsu. Dattijon nan ya kira ni gidansa don in yi musu tafinta a kan abin da ya shafi lissafi, ya ce ya yanke shawara yaron nan zai bar wa garejin, da na'urorin da abokan cinikin da sunan gidan, ya riƙa biyansa a hankali. Matarsa ta kawo shayi tana ta murna. Muka fara shirya takardu, muna cikin haka sauyin ya zo. In yaron zai zama shugaban kamfani dole ya canza biza, in zai canza kuwa sai jarin kamfanin ya tashi daga miliyan 3 zuwa 30, kuma sai ya nuna shekara 3 ta shugabanci ko digiri na biyu, shi kuwa abin da yake da shi lasisin kanikanci ne da amanar unguwa guda. Ranar da na je na yi wa shacho bayani shiru ya yi na wani lokaci, sannan ya ce to shikenan in jikinsa ya ƙi sai ya rufe. Wa ya ci riba a nan? Mutum uku 'yan ƙasa za su rasa aiki a shekarun da ba mai sake ɗaukarsu, ƙauye zai rasa gareji, ƙaramar hukuma za ta rasa haraji, kuma babu kamfanin bogi ko ɗaya da aka kama.

Abin da ya sa nake ganin wannan bai dace da Japan ba shi ne ku kuka fi kowa sanin ɗauko na waje a ba shi gida. Al'adar mukoyoshi, inda mai kamfani yake ɗaukar surukinsa ya mayar da shi ɗa ya ba shi sunan gidan, ita ta riƙe gidaje da yawa, marigayi Suzuki Osamu da ya ja ragamar kamfanin Suzuki sama da shekara arba'in ta haka ya shigo gidan, ba haifaffen Suzuki ba ne. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan kamfanonin Japan da ke kasuwar hannun jari ya gano waɗanda irin wannan magajin ya karɓa sun fi waɗanda ɗan cikin gida ya gada yin kyau. Akwai kuma noren wake, inda maigida yake buɗe wa yaron da ya daɗe yana yi masa hidima shago da sunan gidan, wanda duk wanda ya tashi a Kantin Kwari ya san irinsa, ranar da maigida ya sallami yaronsa ya ba shi jari. Ba a tambayar yaron nawa ya tara, abin da ake dubawa shi ne an zauna da shi an ga halinsa.

Na uku, sharaɗin ma'aikaci. Mu ba ma ƙin ɗaukar 'yan ƙasa, da ɗan gari akan ci gari, duk wanda ya samu ɗan Japan mai riƙe masa waya da takardu ya san ya huta. Matsalar ita ce ina suke? Masu shekarun aiki, daga 15 zuwa 64, sun kai ƙololuwa a 1995 da wajen miliyan 87, yanzu sun sauko wajen miliyan 74, jariran da 'yan ƙasa suka haifa a 2024 ba su kai dubu 700 ba, cibiyar binciken JICA, hukumar Japan mai taimakon raya ƙasashe, ta ƙiyasta a 2022 cewa zuwa 2040 ƙasar za ta buƙaci ma'aikata baƙi miliyan 6.74. Kamfanonin 'yan Japan da kansu suna durƙushewa saboda rashin ma'aikata. Ni na sa tallan neman ma'aikaci na wata da watanni, albashin ya fi mafi ƙanƙancin da doka ta sa nesa ba kusa ba, mutum biyu suka kira, ɗaya da ya ji muryata ya ba da haƙuri ya kashe waya, ɗayan ya zo ya ga fili da ƙarafa da sanyin hunturu bai dawo ba. Ban ga laifinsu ba, suna da zaɓi. Amma ɗan uwan da ke aiki da ni cikakken lokaci, ina biyan fanshonsa da inshorarsa kamar kowa, shi ba a ƙirga shi don bizar aiki yake da ita. Kuma akwai wani haɗari da nake so ku lura da shi, in zaman mutum da na iyalinsa ya rataya a kan ma'aikaci ɗaya, ranar da ma'aikacin ya ce zai tafi to gidan gaba ɗaya ya girgiza.

Na huɗu, digiri da ofis. Ni wannan sharaɗin bai kama ni ba tunda ina da takardar, shi ya sa zan iya faɗa ba tare da an ce son kai ba ne, waɗanda suka koya mini sana'ar nan babu mai digiri a cikinsu, kuma mutum ɗaya daga cikinsu in ya saurari inji na ɗan lokaci zai gaya maka ko ya cancanci shiga kwantena. Matsushita Konosuke yana ɗan shekara 9 ya bar makaranta ya tafi koyon sana'a, a 1918 ya fara abin da ya zama Panasonic a gidan haya a Osaka shi da matarsa da ƙanenta. Honda Soichiro yaron gareji ne. Ando Momofuku, haifaffen Taiwan, a wata 'yar rumfa a bayan gidansa a Ikeda ya ƙirƙiro taliyar nan mai saurin dahuwa a 1958, wadda yau har yaran Kano da Maraɗi suke ci da safe. Waɗannan sunaye a makarantunku ake koyar da su, 'yata ta dawo gida da labarin ɗaya daga cikinsu.

Sai maganar iyali, ita kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Yaran da aka haifa a nan Japananci suke mafarki da shi, wasunsu Hausarsu ma sai a hankali. Tun da dokar ta fito ba wanda yake son ya sayi sabuwar na'ura ko ya sa hannu a hayar fili ta shekaru, kowa ya riƙe hannunsa yana jiran 2028, wasu sun fara maganar Dubai, wasu suna neman bashi da ruwa daga inda bai kamata ba don su cika lambar. Kuma abin ya zo mana a kan wani ciwon, don a watan Agustan 2025 bayan taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka a Yokohama aka yi ta surutu kan shirin JICA da ya haɗa birnin Kisarazu da Najeriya, aka yaɗa cewa wai za a kwararo 'yan Afirka da biza ta musamman, wanda ba gaskiya ba ne, har aka janye shirin a Satumba. Mu 'yan dubbai kaɗan ne a ƙasar nan amma makonnin nan mun ji su a jikinmu.

Ga abin da muke roƙo, ranka ya daɗe.

Muna roƙon wanda ya riga ya kafu a auna shi da aikinsa. A duba takardun harajinsa na shekaru uku ko biyar, da biyan fansho da inshora, da takardun kwastan na kayan da ya fitar, a turo jami'i ya zo filin ba tare da sanarwa ba ya gani da idonsa, ƙofarmu a buɗe take. Wanda aka samu kamfaninsa takarda ce kawai a soke bizarsa a hukunta dillalin da ya shirya masa, mu za mu fi kowa murna. Wanda kuma aka samu yana aiki yana biya, a rubuta a fili cewa za a ci gaba da sabunta masa bayan 2028 ko jarinsa bai kai miliyan 30 ba, don mutum ya san matsayinsa ya ci gaba da zuba kuɗi a nan.

Muna roƙon a buɗe hanya ta daban ga wanda zai gaji kamfanin ɗan ƙasa. Kuna da cibiyoyin taimaka wa miƙa kamfani ga magaji a duk larduna 47, su suka san tsofaffin nan da sunayensu. In cibiyar lardi ta tabbatar kamfanin na gaske ne, mai shi ya yarda, za a riƙe ma'aikatan da ke ciki, to a sassauta sharaɗin jari da na digiri, a karɓi shekarun da mutum ya yi yana aiki a cikin wannan kamfanin da lasisin sana'arsa a madadinsu. Wannan shi ne roƙon da in ɗaya kawai za ku amsa muke so ya zama shi.

Muna roƙon a bambanta tsakanin tsakiyar Tokyo ko Osaka da ƙauyen da mutanensa ke ƙarewa, a ba ƙananan hukumomi dama su tsaya wa ɗan kasuwar da suka sani, kamar yadda birnin Fukuoka ya fara da bizar masu sabuwar sana'a tun 2015. Kuma a ƙirga duk ma'aikacin da ke zaune bisa doka ana biya masa fansho da inshora, ko kuma aƙalla a ba mutum wa'adi mai ma'ana ya nemo wani in nasa ya tafi.

Roƙo na ƙarshe na ɗalibin tattalin arziki ne. Ƙasar nan tana da cibiyoyin bincike na gwamnati irin RIETI da JILPT da masana a jami'o'i waɗanda aikinsu kenan. Masu wannan biza sun haura dubu 40 a ƙarshen 2024, a ba masanan bayanansu ba tare da sunaye ba, su duba nawa ne ke biyan haraji, mutum nawa suka ɗauka aiki, nawa ne na bogi kuma a wace sana'a suka taru, nawa suka rufe tun da dokar ta fito, a buga sakamakon kowa ya gani tun kafin wa'adin Oktoban 2028 ya cika, sannan a sake duba dokar a kan abin da aka samu. In za su zo wajenmu su yi tambayoyi za mu buɗe musu littattafanmu, ni da kaina zan yi musu tafinta kyauta.

Shacho ya ce zai ƙara riƙe garejin har ƙarshen shekarar kuɗi mai zuwa a watan Maris, ya ga ko wani abu zai canza, gwiwarsa ce dai take damunsa sosai yanzu ba ya iya shiga ƙarƙashin mota. Ya ce in gaya muku in akwai jami'in da zai zo ya gani yana maraba da shi kowace rana ban da Lahadi.

Na gode da saurare, Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Naku cikin girmamawa,
ɗan kasuwar kayan gyaran mota daga Ibaraki, a madadin 'yan uwansa.